Da gaske kotun Ingila tana iya raba uwa da jaririnta tun a asibiti?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya tana zaune a Manchesta, ta bi mijinta da ya je karatu shekara uku da suka wuce. Suna da yaro ɗan shekara shida, yanzu kuma tana da ciki wata takwas. Zaman nasu ba daɗi, yana dukanta, har maƙwabta sun kira 'yan sanda sau biyu, amma duk lokacin sai ta ce musu faɗuwa ta yi. Kwanakin baya malamar makaranta ta ga shatin wayar caja a bayan yaron, tun daga nan 'yan soshal, wato ma'aikatan ƙaramar hukuma masu kula da kare yara, suka shigo musu gida. Makon jiya aka aiko mata da takarda cewa ƙaramar hukuma tana tunanin zuwa kotu a kan yaron da kuma abin da za ta haifa, wai ta nemi lauya. Ta kira ni tana kuka, ta ce an gaya mata tana sauka za a ɗauke jaririn. Hajiyarmu ta daina barci. Wasu sun ce ta tattaro ta dawo Kano ta haihu a gida, wasu sun ce kada ta gaya musu komai, kada ta sa hannu a komai. Don Allah, da gaske ana raba uwa da ɗanyen jariri? Me alƙali yake dubawa? In an ɗauka shi ke nan an tafi da shi? Yaya za a yi da shayarwa da suna?

Wata 'yar'uwa, daga Kano

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raba su lafiya, ya kwantar wa Hajiya da hankali.

Ba zan rufe ki ba, kotu tana da wannan iko kuma tana amfani da shi. Wani bincike da Farfesa Karen Broadhurst ta Jami'ar Lankasta ta jagoranta, wanda aka fitar a 2018, ya nuna cewa a Ingila jarirai 1,039 aka kai maganarsu kotu cikin makon farko da haihuwarsu a shekarar 2007/08, zuwa 2016/17 kuwa adadin ya kai 2,447. Don haka tsoron ƙanwarki ba na banza ba ne. Sai dai wanda ya ce mata "kina sauka za a ɗauke" ya riga alƙali yanke hukunci, kuma ba a kai nan ba tukuna. Duk abin da zan faɗa a nan dokar Ingila ce, musamman Dokar Yara ta 1989, kuma duk lambar sashe da zan ambata tata ce. Sukotland tsarinta daban ne.

Ma'aikaciyar soshal, komai girman muƙaminta, ba ta da ikon ɗaukar jariri daga hannun uwarsa da ƙashin kanta. Ko dai ta zo da umarnin kotu, ko 'yan sanda su shiga tsakani a ƙarƙashin sashe na 46, wanda iyakarsa awa 72, ko kuma uwar ta amince da kanta a ƙarƙashin sashe na 20. Bayan waɗannan ukun babu wata ƙofa. An gwada a Nottingham a Janairun 2008. Wata yarinya 'yar shekara 18 ta haihu cikin dare, bayan kamar awa biyu aka ɗauke jaririn bisa wani tsari da hukuma ta rubuta ta ajiye a asibiti, ba tare da kowa ya je gaban alƙali ba. Kafin rana ta faɗi lauyoyinta sun isa gaban Mai Shari'a Munby na Babbar Kotu, ya ce a mayar mata da ɗanta nan take, domin jami'in gwamnati ba ya cire yaro sai da izinin doka. Don kada in ba ki rabin labari, daga baya hukumar ta bi hanyar da ta dace ta samu umarnin kotu. Amma darasin ya zauna.

Masu cewa kada ta sa hannu a komai suna da ƙamshin gaskiya a wuri ɗaya tak, wato takardar sashe na 20. Wannan takarda ce da uwa take cewa ta yarda hukuma ta riƙe mata yaro na ɗan lokaci ba tare da kotu ba. A 2012 Mai Shari'a Hedley ya saurari ƙarar wata mata a Coventry da aka karɓi amincewarta ranar da ta haihu, bayan tiyata mai tsanani, alhali an yi mata allurar mofin ta kashe zafi. Ya ce irin wannan amincewa ba amincewa ba ce, dole a tabbatar uwa tana cikin hayyacinta, ta fahimci abin da take yi, kuma ta san tana da damar cewa a'a. To ƙanwarki in an miƙo mata takarda tana kwance, amsarta ita ce sai ta yi magana da lauyanta. Wannan ba taurin kai ba ne a wurin kotu, haƙƙinta ne. Sauran shawarar kuwa, ta cewa ta rufe bakinta ta ƙi kula su, ita ce hanya mafi sauri ta rasa jaririn, kuma zan dawo kanta.

Takardar da aka aiko mata ita ce gargaɗin ƙarshe kafin shigar da ƙara. Dalilin da ya sa komai yake taruwa a ranar haihuwa shi ne a dokar Ingila abin da ke ciki bai zama mutum mai shari'a ba, kotu ba ta ba da umarni a kansa sai ya faɗo. Sai hukuma ta shirya takardunta ta jira, ungozoma ta buga waya, a shigar da ƙara a ranar ko washegari. Amfanin takardar shi ne daga ranar da ta iso ƙanwarki ta cancanci lauya kyauta. Ba a duba albashi, ba a duba irin bizar da take kai, ba a duba ko tana da gaskiya. Ta ɗauki takardar ta kai wa lauyan da ya ƙware a shari'ar yara, ba lauyan shige da fice da ya cika musu fom ɗin biza ba. Kuma lauyanta daban, na mijinta daban. In suka haɗa lauya ɗaya, sun gaya wa kotu cewa bakinsu ɗaya ke nan tun kafin a zauna.

Abin da hukuma ta fi nema a irin wannan hali shi ne umarnin riƙo na wucin gadi a ƙarƙashin sashe na 38. Akwai wani na gaggawa a sashe na 44, mai kwana 8 da za a iya ƙara masa 7, amma ba shi aka fi bi ba idan an daɗe da sanin cikin. Zaman farko ba ya kama da abin da kike gani a fim. Sau da yawa uwar ba ta ma iya zuwa. Na sha ganin mai jego kwana ɗaya da haihuwa, an ja mata labule a ɗakin masu haihuwa, allurar ƙarin ruwa na manne a bayan hannunta, tana riƙe da waya tana kallon alƙali a ɗan ƙaramin allo, jaririn a gefenta cikin gadon roba, an turo mata shafuka masu yawa na Turanci da safiyar nan an ce ta karanta. A zaman akwai lauyan hukuma, lauyanta, lauyan uba, sai wata jami'a daga hukumar Cafcass wadda ake naɗawa ta tsaya wa jaririn shi kaɗai, ita ma da nata lauyan. Wannan jami'a ba ta ƙarƙashin ƙaramar hukuma, kuma alƙalai suna jin maganarta ƙwarai. A ganina wannan gaggawa ita ce babban aibin tsarin, kuma alƙalai da masu bincike a can sun daɗe suna kuka da ita. Amma haka yake, shi ya sa ba a fafe gora ranar tafiya.

Alƙali yana hawa matakala biyu ne. Ta farko: akwai dalili mai ma'ana da zai sa a yi zaton jaririn yana fuskantar cutarwa mai tsanani saboda irin kulawar da zai samu a gida? Lura, a wannan mataki ba a bukatar a tabbatar da laifi, zato mai tushe ya isa. In faɗa miki gaskiya, da kiran 'yan sanda biyu da shatin waya a bayan yaro, hukuma za ta haye wannan matakala ba wuya. Dokar ta ce ganin ana cutar da wani ko jin sa ma cutarwa ce ga yaro, kuma Dokar Cin Zarafi a Gida ta 2021 ta ɗauki yaron da yake gani ko yake ji a matsayin wanda aka zalunta shi ma. Duka kuwa, a Ingila har yanzu akwai ɗan sassauci ga iyaye kan horo mai sauƙi, amma da zarar ya bar tabo ko shati sassaucin ya ƙare. Wels ta hana dukan yara gaba ɗaya tun 2022.

Matakala ta biyu ita ce inda ake cin shari'a ko a faɗi, kuma mutanenmu ba su san da ita ba. Samun umarnin riƙo daban, izinin raba uwa da jariri daban. Kotu tana iya ba hukuma umarnin amma ta ce jaririn ya zauna a hannun uwarsa. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta faɗa a 2001, a wata ƙara daga ƙasar Finlan, cewa ɗauke jariri lokacin haihuwarsa mataki ne mai matuƙar tsanani da ba a yi sai da dalilai masu ƙarfi fiye da na kullum. Shekara ɗaya bayan haka ta samu Birtaniya da laifi a kan wata jaririya da aka ɗauke a Rochdale, nan kusa da Manchesta, domin a cewarta ana iya barin uwa da 'yarta a asibiti a sa musu ido. A 2019 Mai Shari'a Peter Jackson na Kotun Ɗaukaka Ƙara ya tattara ƙa'idar wuri guda, kuma ita ake karantowa a kusan kowane irin wannan zama. Abin da ya ce a taƙaice: hujjoji ba su kammala ba a wannan mataki, don haka kada a yanke sai abin da ba zai iya jira ba, rabuwa ta fi zafi idan jariri ne, domin tana taɓa shaƙuwar da ke ƙulluwa, ba a raba su sai in lafiyar jikin yaron ko ta hankalinsa ta tilasta, kuma tsawon rabuwar da illarta su yi daidai da girman haɗarin, sannan wajibi ne hukuma ta gaya wa kotu duk wata hanya da za ta sa a kauce wa rabuwar.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce makamin ƙanwarki. Alƙali ba ya tambayar ko ita uwa ce ta gari ɗari bisa ɗari. Hedley ɗin nan ya taɓa cewa dole al'umma ta jure wa tarbiyya iri-iri, har da wadda da ƙyar ta kai, domin ba aikin gwamnati ba ne ta ceci yara daga kowace gazawar iyaye. Tambayar alƙali ita ce: daga yau zuwa ƙarshen shari'a, akwai inda za a ajiye uwar nan da jaririnta ya kwana lafiya? In an kawo masa amsa mai gamsarwa, da wuya ya raba su. In ba a kawo ba, ba shi da zaɓi.

A shari'ar ƙanwarki, haɗarin da aka gani yana da suna, kuma yana kwana a gidan. Sashe na 38A ya ba kotu damar haɗa umarnin riƙo da sharaɗin cewa mijin ya bar gidan kada ya kusance shi, amma da ƙa'ida: sai wanda zai zauna da yaran ya amince da korar. Wato sai ita ta ce ta yarda. Tana kuma iya neman umarnin hana shi tsangwamarta a ƙarƙashin Dokar Iyali ta 1996, ko ta koma gidan fakewa na mata. Akwai gidajen riƙo da ake kai uwa da jaririnta tare, su zauna da wata mata da hukuma ta amince da ita tana lura da su. Akwai kuma cibiyoyin da ake kwana ana auna yadda uwa take kula da ɗanta, galibi na kimanin mako goma sha biyu, waɗanda kotu take iya umarta a ƙarƙashin sashe na 38(6). Zaman ba daɗi, ana rubuta har yadda ta haɗa ruwan wanka, amma jaririn yana ƙirjinta. Irin waɗannan gurabe ba su da yawa, kuma ba a samunsu da rana ɗaya. Lauyanta ya fara matsa wa hukuma ta nemo tun yanzu da saura wata guda.

Na san abin da ke riƙe ta. Bizarta a jikin tasa take, tana ganin in ta buɗe baki an kore su duka. Ta tambayi lauya game da rangwamen da Ma'aikatar Cikin Gida take yi wa baƙin da ake cin zarafinsu a gida, wanda tun 2024 ya haɗa da matan ɗalibai da na ma'aikata: izinin zama na wata uku a kan sunanta, da damar samun tallafin gwamnati, kafin ta san inda ta dosa. Bai magance komai ba, amma ya isa a fita daga gida.

Yanzu ga maganar da ta fi mini nauyi, kuma ke da Hajiya ta shafa. Mu a wurinmu macen da ta ce "faɗuwa na yi" mai rufin asiri ce, 'yar gidan mutunci, ana yaba mata. A takardar soshal kuwa wannan jimlar ana fassara ta da cewa uwa ba ta yarda akwai haɗari ba, saboda haka ba za ta iya kare yaranta ba. Haƙurin da muke yi wa kirari, a can sunansa gazawa wajen kariya, kuma da shi ake karɓe yara daga matan da su kansu ba su taɓa ɗaga wa yaro hannu ba. Akwai rashin adalci a ciki, domin wadda aka daka ita ake tuhuma, ni ma ina ganin haka. Amma alƙalin da ke da rahoton 'yan sanda biyu a gabansa, uwa kuma tana cewa lafiya lau, ba zai yarda da alkawarinta na cewa ba za ta buɗe wa mijin ƙofa da dare ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta faɗa wa lauyanta komai, har wanda ya yi wa yaron shatin nan, ko da ita ce. Abin da ta gaya wa lauya amana ce, shi zai nuna mata yadda za a gabatar. Ku kuma a gida, duk wayar da za a buga mata a ce "ki yi haƙuri, kada ki tona wa uban 'ya'yanki asiri", a sani ana taya hukuma gina ƙararta ne.

Akwai kuma abubuwan da ake yi mana mummunar fahimta a kansu ba da laifinmu ba. Yaron nan ɗan fari ne. In ƙanwarki tana masa alkunya irin ta gida, ba ta kiran sunansa, ba ta rungumarsa a gaban baƙi, to kada ki yi mamaki in rahoto ya ce babu shaƙuwa tsakaninsu. Na taɓa karanta rahoton da aka rubuta cewa wata uwa "ba ta haɗa ido, alamar tana ɓoye wani abu", alhali ladabi take yi wa babba. Irin wannan sai an yi bayani a rubuce, ba a barin sa. Ta nemi tafinta na Hausa a kowane zama ko da tana jin Turanci, domin Turancin kasuwa daban, na kotu daban, kuma kada ta yarda miji ko abokinsa ya yi mata tafinta.

To in Allah ya ƙaddara alƙali ya ce a raba su fa? Ba shi ke nan ba. Umarnin wucin gadi bai cire ta daga zama uwa ba, hukuma tana shigowa ne ta yi tarayya da iyaye a ikon yaron, sai dai maganarta ke rinjaye inda lafiyarsa ta bukata. Ba gidan marayu ake kai jariri ba, gidan wasu mutane ne da aka tantance aka horar. Sashe na 33 ya hana hukuma tarbiyyantar da yaro a kan wani addini ban da wanda zai tashi a kai, ya hana a sauya masa sunan iyali ba da yardar iyaye ko izinin kotu ba. Sashe na 22 ya wajabta a lura da addini da asali da harshe. Wannan bai nufin lallai za a samu gidan Musulmi ba, masu riƙo Musulmi sun yi ƙaranci, amma tana da damar nema, kuma a rubuta bukatunta a tsarin kulawa.

Ganin jariri haƙƙi ne a sashe na 34. Munby ya taɓa cewa, tun 2003, in gwamnati ta ɗauke jinjiri to dole ta ba da damar ganawa mai yalwa yadda uwa mai son shayarwa za ta iya. A aikace abin da ake bayarwa ya kan gaza haka: 'yan lokuta a mako, awa ɗaya ko biyu, a wata cibiya, da ma'aikaciya zaune a kusurwa da littafinta. Lauya ya yi ja-in-ja a kan yawan kwanakin tun a zaman farko, kuma a sa maganar nono a cikin umarnin. Ta nemi ungozoma ta nuna mata na'urar tatsa tun tana asibiti, a shirya yadda za a riƙa kai wa mai riƙo. Kada ta fasa zuwa ko sau ɗaya, kada ta makara. A nan wankan jego da zaman arba'in sai su yi haƙuri, domin duk ranar da ba ta je ba ana rubutawa, kuma ba a rubuta cewa al'ada ce ta hana ta fita.

Suna nata ne da mijinta. Su za su yi wa yaro rajista, doka ta ba da kwana 42. Kotu ba ta shiga maganar suna sai abin ya wuce hankali, kamar matar nan ta Wels da aka hana a 2016 ta sa wa 'yarta sunan gubar sayanayid. Huɗuba a kunne da ɗanɗana dabino a gaya wa ungozoma tun kafin naƙuda, a sa a tsarin haihuwa, har da wanda zai yi in an hana uban shiga. Ranar bakwai a roƙi a sa ganawa ta faɗo a ranar, a sanar da ma'aikaciya in ana son yin aski. Rago kuwa ku yanka a Kano, ya isar. Kaciya in namiji ne a dakata, domin muddin umarnin yana aiki sai da yardar hukuma ko ta kotu, kuma a 2021 Babbar Kotu ta ƙi ba da izini a kan wani yaro Musulmi da ke hannun hukuma. Cire beli da tsaga irin na wanzamai kada ma a kawo zancensu.

Doka ta ce a gama shari'ar cikin mako 26, ana iya ƙara mako 8 in da dalili, kuma sau da yawa tana zarcewa. Zaman tsara shari'a yana zuwa tsakanin kwana na 12 da na 18 da shigar da ƙara. In abubuwa sun sauya a tsakani, misali ta rabu da mijin ta samu wurin zama, lauya yana iya komawa ya nemi a sake duba rabuwar. Ɗaukaka ƙara ma akwai, amma wa'adinta gajere ne ƙwarai, a wasu matakan kwana 7 kacal. A ƙarshe yaro yana iya komawa hannun uwarsa, ko a ba wani ɗan'uwa riƙonsa da umarnin kotu, ko a mallaka shi ga wasu iyaye har abada. Wannan na ƙarshen ba irin riƙonmu ba ne da yaro yake tashi gidan gwaggo ya san uwarsa. Yanke dangantaka ne a doka, kuma jarirai su ne aka fi yi wa. Kotun Ƙoli ta ce a 2013 ba a yin sa sai in babu wata mafita ko kaɗan. Kuma mafitar da kotu take fara dubawa ita ce dangi.

Nan ne aikinki yake. Dokar ta fifita ajiye yaro wurin ɗan'uwa ko aminin iyali a kan baƙo, har ana iya amincewa da mutum na wucin gadi tsawon mako 16 kafin a gama tantance shi. Ku zauna ku lissafa duk wanda kuke da shi a Birtaniya: kawu a Bamingham, 'yar gwaggo a Landan, matar da suka saba a masallaci. A miƙa sunayen yanzu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne iyalan da suke ɓoye maganar don kunya, sai a mako na ashirin wani baffa ya bayyana, a ce masa ya makara. Dangin da ke Najeriya ma ana iya tantance su, akwai ƙungiya a Landan mai suna CFAB da take taimaka wa hukumomi da irin wannan aiki a ƙasashen waje, sai dai yana cin lokaci, don haka in ke za ki iya riƙo, ki faɗa tun yau. Zuwan Hajiya zai taimaka in an samu biza, amma alƙali ba zai gina hukunci a kan wadda ba ta sauka ba, kuma tambayar farko da za a yi mata ita ce ko ta yarda surukinta yana dukan 'yarta, da abin da za ta yi in ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Batun gudowa Kano ban ba da shawararsa ba. Gaskiya ne babu umarnin kotu a kan cikin, amma yawancin jiragen sama ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36, kuma ga babban yaron. Da zarar hukuma ta ji ƙishin-ƙishin tafiya, tana iya zuwa kotu a ranar ta sa a karɓe fasfo a sanar da filayen jirgi, kuma uwar da aka tare a filin jirgi ta ba alƙali dalilin da bai da shi jiya. Bayan an ba da umarni kuwa, ɗauke yaro daga hannun hukuma laifi ne a sashe na 49. In komawa gida take so da gaske, wannan tsari ne da ake iya kawowa a fili ta bakin lauya: ga gidan da za ta zauna, ga makarantar yaro, ga waɗanda za su tsaya mata, ga yadda mijin ba zai kai gare su ba. Kotuna suna sauraron irin wannan.

In kin kira ta yau, ki tambaye ta ranar zama da hukuma da aka rubuta a jikin takardar da aka aiko mata, ki tabbatar ta samu lauya kafin ranar, kuma ki kira ta a lokacin da mijin ba ya gida.